Kurakuran da masu koyon ASP.NET ke ta maimaitawa wajen haɗa jerin zaɓi

Tun da na fara zama da yara masu koyon haɗa shafukan intanet a nan Gusau, ba abin da ya cinye mini lokaci kamar DropDownList, wato ɗan akwatin nan da ake latsawa jerin sunaye ya sauko a zaɓi ɗaya. A kan ASP.NET Web Forms nake magana, wanda Microsoft ta fitar a 2002. Duk wanda ya zo sai ya faɗa ramin da na baya ya faɗa, na gaji da maimaita bayani da baki.

Zan fara da kuskuren da ya taɓa ƙona ni. Wata makaranta ta ba ni aikin fom ɗin rajistar ɗalibai. Na jera ƙananan hukumomin Zamfara 14 bisa haruffa, Anka a sama, Zurmi a ƙasa, na sa umarnin cika jerin a cikin Page_Load, wato sashen umarnin da ke gudana duk lokacin da aka loda shafi, ba tare da wani sharaɗi ba. Bayan mako biyu akawun makarantar ya kira ni ya ce, "Malam, wai duk yaranmu 'yan Anka ne?" Na buɗe rumbun bayanai, gabana ya faɗi. Ɗan Tsafe, ɗan Gummi, ɗan Ƙaura Namoda, kowa Anka aka rubuta masa. Abin da ya faru shi ne, duk lokacin da mutum ya danna maɓallin aikawa, saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, tana sake gina shi daga tushe, kuma Page_Load yana gudana kafin a kai ga umarnin maɓallin. DataBind, umarnin cika jerin, ya share shi ya sake cika shi, zaɓin mutum ya tafi, aka koma kan na farko. Kwana uku na yi ina bin fom ɗin takarda ɗaya bayan ɗaya ina gyarawa da hannu, aiki na biyu da suka yi mini alkawari kuwa wani aka ba.

Maganinsa layi ɗaya ne: ka sa cikawar a ƙarƙashin if (!IsPostBack), wato a cika jerin a buɗewar farko kaɗai, ba lokacin da shafi ya koma wa saba ba. Ni kuma tun daga ranar ba na barin sunan gaske a saman jeri. "Zaɓi ƙaramar hukuma" nake sawa, ƙimarsa (abin da ake aika wa saba in an zaɓe shi) fanko, in ɗaura masa RequiredFieldValidator, mai hana a karɓi fom in ba a zaɓi komai ba. Da na yi haka tun farko, da a gwajin farko na kama matsalar.

To, a nan ne yaran ke ɓata mini rai. Sun haddace IsPostBack kamar karatun allo, ko'ina sai su liƙa shi. Wancan magani na akwatin da ke zaune cikin fayil ɗin aspx ne, wato fayil ɗin da ake tsara shafin a ciki. Wanda ka ƙirƙira da kanka da new DropDownList(), ka jefa shi cikin PlaceHolder, wato gurbin da aka ware a shafi, hukuncinsa daban. Saba ba ta tuna shi. In ba ka sake ƙirƙirarsa a kowace komawar shafi ba, ɓacewa zai yi, sai ka zo mini kana cewa kwamfutarka ce ta lalace. Kai ne ba ka sake gina shi ba! Mafi muni shi ne mai ƙirƙirar akwatin a cikin umarnin wani maɓalli, misali na "ƙara yaro", ya ga ya fito, ya yi murna, dannawa ta gaba ya nemi akwati ya rasa. Al'adata ita ce in gina su duka a Page_Init, wanda ke gudana kafin Page_Load, kowanne da ID ɗin da ba ya canzawa, kamar ddlYaro1 da ddlYaro2, in ɗaura SelectedIndexChanged, umarnin da ke gudana in an canza zaɓi, a nan take, kowane zagaye. Da ID ɗin ne saba ke gane wane zaɓi na wane akwati ne, in ya canza sai zaɓin Hauwa ya koma kan Sani. Kuma a lokacin Init ba a riga an loda ViewState ba, wato bayanan da ake ɓoyewa cikin shafi don a tuna halinsa, don haka yawan akwatunan a Session, ma'ajiyar da saba ke ware wa kowane mai ziyara, nake ajiye shi. Wasu suna ginawa a Page_Load ya yi musu aiki, ni dai ba na yi.

Sauran ƙanana ne. Ka zaɓi jiha, jerin ƙananan hukumomi bai motsa ba? Ka manta AutoPostBack, mai aika shafi ga saba da zarar an zaɓa. Sunaye suna ninkuwa, Bungudu sau uku? AppendDataBoundItems, mai ƙara sababbin sunaye a kan na da, a kunne yake kana sake cikawa ba ka share ba. Kada abu biyu su yi ƙima ɗaya, na farkon kullum za a ɗauka. Kada ka raba ListItem guda ga akwati biyu, ka yi wa kowanne nasa. In za ka canza zaɓi ta Selected, fara da ClearSelection().

Mai zuba ƙananan hukumomin Najeriya 774 a akwati ɗaya kuma, ya tuna duk suna shiga ViewState, su je su dawo a kowace dannawa, alhali mai cika fom ɗin wataƙila yana Zurmi da waya da 'yar data ta naira ɗari biyu. A fara da jiha, sannan a kawo nata kaɗai.

Akwai kuma masu sauya jerin da JavaScript, saba ta ƙi karɓa, sai su kashe EnableEventValidation su wuce. Wannan kariya tun ASP.NET 2.0 take, aikinta hana a cusa wa saba ƙimar da ba ita ta aika ba. Duk ɗalibin da ya kawo mini aiki da ita a kashe, mayar masa nake yi ya cika jerin daga saba.