Yadda ake matse ripo na Git idan foldar .git ta kumbura

Idan ka ga foldar .git, inda Git ke ajiye duk tarihin aikinka, ta fara cinye maka wuri a diski, ko `git status` ya fara jan ƙafa, to kar ka yi gaggawar buga wani dogon umarni da ka gani a intanet, fara aunawa tukuna. Shiga cikin ripo ɗin, wato foldar aikin da Git ke kula da ita, ka buga:

`git count-objects -vH`

Layin count da na size suna nuna maka yawan abubuwan da ke warwatse ɗai-ɗai da nauyinsu, shi kuma packs da size-pack suna nuna waɗanda aka riga aka ɗaure a ƙunshi. Rubuta lambobin nan a gefe, don da su za ka san ko aikin ya yi amfani ko ɓata lokaci kawai ka yi.

Abin da ke kawo kumburin shi ne, Git ba ya ajiye "canjin da ka yi" a lokacin komit, wato lokacin da ka adana aikinka cikin tarihi, kamar yadda mutane da yawa ke zato. Fayil ɗin yake ɗauka sukutum, ya matse shi da zlib, wata manhajar matse bayanai, ya jefa shi cikin .git/objects da sunan da ya lissafo daga abin da ke cikinsa, haruffa 40 na SHA-1, biyun farko su zama sunan folda sauran 38 su zama sunan fayil. Kenan idan kana da fayil mai girma ka taɓa layi ɗaya tak ka yi komit, sabon kwafi ne cikakke ya sake zama, kuma haka za a yi ta yi har su taru dubbai. Sai a lokacin ɗaure ƙunshi ne Git ke jera masu kama da juna, ya bar ɗaya cikakke, galibi na baya-bayan nan, sauran kuma ya rubuta bambancinsu kawai, abin da ake kira delta, ya zuba duka a fayil ɗin .pack tare da ɗan .idx da ke nuna inda kowanne yake. Nan ne ainihin ragin yake fitowa.

Umarnin da zai yi maka wannan shi ne `git gc`, haka nan ziƙau ba ƙari. Zai ɗaure warwatsattun, ya haɗe ƙananan ƙunshi, ya tattara refs, wato sunayen rassa da tag masu nuni ga komit, wuri ɗaya, ya share tsofaffin abubuwan da babu mai nuni gare su. Amma dai Git na yin sa da kansa idan warwatsattun sun haura wajen 6700 ko ƙunshin sun wuce 50, shi ya sa wani lokaci za ka ga ya ɗan tsaya bayan ka yi fetch ko merge. A ganina ripo mafi yawa wannan ya ishe su, ka buga, ka sake aunawa, ka ci gaba da harkarka.

Toh sai maganar `git gc --aggressive`, wanda kowa ke so saboda sunan yana da ban tsoro. Abin da yake yi shi ne ya watsar da duk deltan da aka lissafa a baya ya faro daga tushe, kuma maimakon ya gwada kowane abu da maƙwabtansa 10 sai ya gwada da 250. Ka ga dole ya ci lokaci ya ci memori, a babban ripo fankar kwamfuta har kuka take yi, sannan a ƙarshe wataƙila ɗan abin da zai ragu bai taka kara ya karya ba don deltan da ka sauko da su daga saba dama masu kyau ne. Inda yake da rana shi ne bayan ka kwaso tarihi daga wani tsarin daban kamar Subversion, ko bayan ka sake rubuta tarihi, lokacin ƙunshin a hargitse suke. Sau ɗaya ya wadatar, ba abin sawa a jadawalin kullum ba ne.

Idan kana son riƙe linzamin da hannunka:

`git repack -a -d -f --window=250 --depth=50`

Shi -a yana cewa a haɗa komai a ƙunshi ɗaya, -d ya share tsofaffin da aka gama da su, -f kuma a sake lissafin delta. Lambar window ita ce yawan maƙwabtan da za a gwada, ta depth kuma ita ce tsawon sarƙar delta, wato bambanci kan bambanci har hawa nawa, kuma kar ka ce bari in kai ta sama sosai don in samu ƙarin ragi, duk tsawonta duk wahalar da Git zai sha kafin ya warware maka tsohon fayil idan ka yi checkout ko blame. Idan memorinka kaɗan ne sa `git config pack.windowMemory 256m` ka kuma rage pack.threads, don kowane zare, wato kowane aikin da ke gudana a lokaci ɗaya da sauran, nasa kason yake ci. Sannan ka tabbata akwai fili a diski, sabon ƙunshi sai ya kammalu kafin a goge tsoho, akwai lokacin da dukansu biyu za su zauna tare. Kuma a kula, idan akwai wani ripo da aka yi da `git clone --shared` yana aron abubuwa daga wannan, shara a nan na iya lalata wancan.

Yanzu ga inda aka fi ruɗewa. Ka yi gc, ka yi aggressive, nauyi na nan daram. Dalili, gc ba ya zubar da abin da tarihi ke nuni gare shi. Bidiyon da wani ya tura bara ka goge shi a komit na gaba, yana nan kwance a tsohon komit, kuma irin su mp4, jpg da zip dama a matse suke, zlib ba shi da abin da zai ƙara musu, delta ma ba ta kama su sosai. Nemo masu laifin da wannan:

`git rev-list --objects --all | git cat-file --batch-check='%(objectsize) %(objectname) %(rest)' | sort -n | tail`

Cire su sai an sake rubuta tarihi, kuma git filter-repo ne kayan aikin, takardun Git da kansu suna gargaɗi kan tsohon filter-branch. A sabon kulon, wato sabon kwafin da ka sauko da `git clone`, za ka yi, misali `git filter-repo --path bidiyo.mp4 --invert-paths`. Amma ka sani duk komit ɗin da ya biyo bayan wancan fayil sunansa zai canza, dole ka tura da ƙarfi, wato `git push --force`, abokan aikinka kuma su sake kulon, in ba haka ba wani ya yi merge da tsohon kwafinsa ya dawo muku da kayan gaba ɗaya. Ku yi magana kafin ka taɓa.

Ko bayan ka goge reshe ko ka yi reset, wurin ba zai dawo nan take ba, don reflog, rajistar da Git ke rubuta inda kowane reshe ya taɓa tsayawa, na riƙe da tarihi kwana 90, na waɗanda suka fita daga reshe kwana 30, sannan gc na ɗaga wa marayun abubuwa ƙafa na sati 2. Ana iya tsallake jiran da `git reflog expire --expire=now --all` sai `git gc --prune=now`, filter-repo shi da kansa yake yin wannan. Sai dai wannan ita ce ƙofar ceto da kake rufewa, komit ɗin da ka ɓatar bisa kuskure ba zai ƙara dawowa ba, don haka kwafi foldar zuwa wani wuri tukuna, kuma kar ka buga shi alhali wani aikin Git na gudana a ripo ɗin. Da ka gama buga `git fsck` ka ga komai lafiya.

Duk wannan a kwamfutarka ya tsaya fa, sabar GitHub ko GitLab nata gc take yi a lokacin da ta ga dama. Manyan fayiloli na gaba kuma ka miƙa su ga Git LFS, tsarin da ke ajiye manyan fayiloli a wajen ripo, tun daga farko, GitHub ma ba ya karɓar fayil da ya wuce 100 MB ta hanyar tura ta yau da kullum. Idan Git ɗinka sabo ne buga `git maintenance start` sau ɗaya, zai riƙa ɗaure ƙunshin kaɗan-kaɗan a bayan fage ba tare da ya tsayar da kai tsakiyar aiki ba.