Auren jinsi da aikin soja a Amurka: abin da ya kamata baƙo ya sani

'Yan'uwanmu kan sauka Amurka da sanin komai game da biza da kuɗin haya, amma da wuya ka ga wanda aka zaunar aka yi masa bayanin auren jinsi. Sai ranar da abokin aiki namiji ya ce zai tashi da wuri don mijinsa ba shi da lafiya, mutum ya yi turus, kowa ya gane abin da ke ransa.

To ɗan'uwa, a nan doka ce. Jihar Masachuset ce ta fara a 2004, sannan ranar 26 ga Yuni 2015 Kotun Ƙoli ta halatta shi a duk jihohi 50, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu. A 2022 majalisa ta ƙara masa ƙarfi da wata doka da Shugaba Biden ya sa wa hannu. Gado, haraji, inshorar lafiya, nema wa abokin aure takardar zama, duk hakkinsu ɗaya da na kowane ma'aurata. Abin da ke ɗaure wa mutanenmu kai shi ne hukumar shige da fice ta yarda da wannan aure, amma ba ta san da zaman mace ta biyu ba.

Ba a ce ka sauya aƙidarka ba. Tsarin mulkinsu ya kare addini, babu mai tilasta wa limami ko fada ɗaura auren da bai yarda da shi ba. Wurin aiki ne ake son ka kama bakinka. Dokar kare hakkin jama'a ta 1964, wadda ta hana a kore ka saboda kai Musulmi ne ko baƙar fata, wadda 'yar'uwa ke dogaro da ita ta sa hijabinta, ita ce dai Kotun Ƙoli ta ce a 2020 ta hana korar mutum saboda jinsin wanda yake so. Inuwa ɗaya kuke sha. Habaici ko ba'ar da za a yi dariya a wuce a gida, nan tana iya kai ka gaban ofishin kula da ma'aikata, ta raba ka da abincinka.

Sai batun soja, tunda matasanmu masu katin zama na dindindin suna iya shiga, kuma hanya ce ta samun zama ɗan ƙasa da sauri. A da, zamanin Shugaba Clinton, an kafa tsarin "kar a tambaya, kar ka faɗa": sojan da ke son jinsinsa ya yi aikinsa muddin ya ɓoye hakan, in ta fito a sallame shi. Sojoji fiye da 13,000 aka sallama a kansa kafin a soke shi ranar 20 ga Satumba 2011, lokacin Obama. Daga 2013 iyalan irin waɗannan sojoji suka fara samun kuɗin gida da kulawar asibiti kamar kowa. Saboda haka wanda kuke kwana ɗaki ɗaya a bariki, ko hafsan da kake sara wa, yana iya kasancewa cikinsu, kuma raina na gaba a soja laifi ne mai hukunci. Batun masu sauya jinsi kam ya sha bamban, yana bin wanda ke mulki: an buɗe musu ƙofa a 2016, Trump ya rufe, Biden ya buɗe a 2021, Trump ya sake rufewa a 2025.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Cikin Hausawan da ke nan ma akwai waɗanda lamarin ya shafa kai tsaye, kuma Amurka tana ba da mafaka ga wanda ake tsangwama a ƙasarsa a kan haka. In ka san sirrin wani, kar ka ɗauki hotonsa ko labarinsa ka jefa a WhatsApp na dangi. A Najeriya dokar da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren jinsi, mutumin kuma yana da iyaye da ƙanne a can, wataƙila ma yana shirin zuwa ganin gida.