Yadda Ake Rabar Da Kayan Gida Da Aka Daina Amfani Da Su

A ƙarƙashin gado, a saman sif ko a sito, da wuya ki sami gidan da babu tarin kayan da aka daina taɓawa: samirun aure da ba su taɓa fita daga kwali ba, risho da aka jingine tun da aka koma gas, kayan yara da suka yi musu kaɗan, keken ɗinki da tsatsa ta fara ci. A layin nan kuma akwai wadda sai ta ari tukunya duk ranar da ta yi baƙi. Kai kayan hannunta abu ne mai sauƙi, amma yana son lura, domin kyautar da aka yi da ganganci takan koma cin fuska.

Da farko ki tabbatar kayan naki ne. Kayan ɗakin mace mallakinta ne, maigida ba shi da hurumin kwashe su don ya ga sun cika ɗaki. Kayan mamaci kuwa na magada ne. Ko hula ce, kada a fitar da sunan sadaka sai an raba gado ko dukansu sun amince, in kuma da marayu ƙanana a ciki a nemi malami, don ba a kyauta da kason maraya.

Na biyu, ki kasa kayan kashi uku: masu lafiya, masu neman ɗan gyara, da waɗanda suka mutu murus. Ma'aunin kashi na farko shi ne, da ke aka miƙo wa, za ki karɓa da fara'a? Aya ta 267 a Suratul Baƙara ta ja kunne kan mutum ya zaɓo abin da shi kansa ba zai karɓa ba sai ya runtse ido, ya ce shi zai bayar.

Na uku, wanki da gyara. A wanke tufafi a goge, a mayar da maɓallin da ya cire. Katifa a shanya ta a rana a binciki ɗinkinta, kada ki kai wa mutane kuɗin-cizo. Fankar da ba ta juyawa a kai wa mai gyara tukuna, wanda ba shi da kuɗin cefane ba zai sami na gyaran fanka ba. Waya a cire layi da memori, a goge hotuna da bayanan banki. Akwai kuma abin da ba a bayarwa sam: ragowar magani, tukunyar gas mai yoyo, da jarkar da aka taɓa zuba maganin feshi, don wani zai ɗebi ruwan sha a ciki.

Mataki na huɗu shi ne wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi: a samo mai bukata kafin a fitar da kaya. In kika tara komai a buhu kika ajiye a ƙofar gida, wanda ya riga zuwa shi zai ɗauka, rabinsu kuma a bola za su ƙare. Ki ɗauki kaya ɗaya-ɗaya ki tambayi kanki wa zai amfana. Tsohon firiji jari ne a hannun mai sayar da zoɓo da ƙanƙara. Keken ɗinki ya dace da yarinyar da aka yaye daga koyon ɗinki ba ta da abin fara aiki. Babban kasko na mai ƙosai ko awara ne. Hatta robobin ruwa da kwalabe, masu kunun aya da masu soyayyar gyaɗa saye suke yi, in kin tara musu kin rage musu kashe kuɗi. Samiru da kuloli kuwa a adana wa marainiyar da za a kai ɗaki.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Yunifom, jaka da littattafai a kai makaranta kafin a koma sabon zango a Satumba, malamar aji ta san yaron da ke zuwa da yagaggen wando. Barguna da rigunan sanyi su isa tsangaya tun Nuwamba, kafin hunturu ya kankama, kuma a danƙa wa alaramma ya raba, kada a tsaya a titi yara su yi wawaso. Idan gobara ko ambaliya ta auku, irin wadda ta mamaye Maiduguri a Satumbar 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau, abin da ake nema da gaggawa shi ne tabarma, katifa, tukunya, bokiti da gidan sauro, leshin biki ya jira.

In ba ki san mabukata ba, liman, mai unguwa da ungozoma sun sani, musamman masu rufin asirin da ba za su taɓa roƙo ba. Dillaliya ma ta san cikin kowane gida, sai dai sana'arta sayarwa ce, don haka ki faɗa mata ƙarara cewa kyauta ce. A zauren WhatsApp na dangi ko na unguwa a sa hoton kayan kawai, ban da hoton wanda ya karɓa.

Na biyar, miƙawa. Bayan magariba ya fi, lokacin da idanu suka ragu. Kalma mai taushi ta isa: "Yaya, wannan ya tsare min ɗaki, ki taimaka ki rage min." Kaya mai nauyi ki haɗa da kuɗin a-daidaita-sahu. Atamfar ankon da duk unguwa ta gan ki da ita kada ki ba maƙwabciya, ki aika wata unguwa ko ƙauye inda za a ɗaura babu mai nunawa. Da zarar kaya ya bar hannunki ya zama nata, in ta sayar ta sayi masara babu gori, babu bin diddigi.

Kashi na uku da ya mutu shi ma yana da masu shi. 'Yan gwangwan suna auna ƙarfe da fasassun robobi su biya, maƙera suna narka tsohuwar tukunyar alminiyum su zuba sabuwa, makanikai suna neman tsumma. Tsohon batirin mota ko na sola a mayar wa masu sayar da batir, kada a bari yara su fasa shi, akwai dalma da ruwan asid a ciki.