Yadda mai garka a bakin kogin Isa zai karanta ruwa

Duk yaron da ya samu fili a bakin kogi, a unguwannin Yamai irin su Saga ko Kirkisoy ko Lamorde, abin da nake fara gaya masa shi ne ya daina auna kogin da hadarin da yake gani a kansa. Ruwan da ke sauka a Yamai daga Yuni zuwa Satumba, wajen milimita 550 zuwa 600 a shekara, ɗan kaɗan ne cikin abin da ke wucewa ƙarƙashin gadar Kennedy. Sau biyu kogin Isa yake cika a nan, kuma kowace cika da inda take fitowa.

Ka fara da launin ruwan. In ka ga ya yi ja, ya yi kauri da laka, wajen Agusta zuwa Satumba, wannan ruwan maƙwabta ne. Koguna uku ke kawo shi daga ɓangaren Burkina Faso: Goruwol, Dargol da Sirba, dukkansu suna shiga Isa kafin ya iso Yamai. Shi ne mai ɓarna, don ba ya sallama. Ana iya kwana uku ba a yi ko yayyafi a unguwarku ba, ka wayi gari ruwa ya hau kan kunyoyinka, saboda an tafka shi can wajen Sirba. Tsofaffi kan yi mamakin yadda ruwan sama bai kai na zamaninsu ba amma ambaliya ta fi yawa. Dalilin a ƙasa yake: an sare itatuwa, ƙasa ta daskare, ruwa ba ya nutsewa, sai ya gangaro gaba ɗaya da yashinsa.

Saboda haka a waɗannan watanni biyu kada ka bar injin ban ruwa ya kwana a gaɓa, kada kuma ka ajiye taki ko iri a ƙasan fili. Ka riƙa sauraron rediyo. Hukumar kogin, ABN, wadda cibiyarta ke nan Yamai, tana bayyana tsayin ruwa da santimita: 530 gargaɗin farko ne, 580 na biyu, 620 kuwa jan gargaɗi ne, na kwashe kaya. A Satumban 2020 ruwa ya kai wajen 700, kuma mutanen unguwar Harobanda ba su manta ba. Ni dai ba na jiran 620. Da na ji an wuce 580, na fara ɗauke abin da ke ɗaukuwa.

Ka kafa naka ma'aunin ma. Sanda mai ƙarfi a gefen ruwa, ka yi mata zane kowane taƙi, ka duba safe da yamma. Saurin hawan ya fi tsayin kansa muhimmanci.

Cika ta biyu, baƙin ruwa, mai hankali ce. Ruwan da aka yi a duwatsun Gine ne tun damina, ya bi ta Mali, ya bazu a fadamun Masina ya yi watanni, rana ta sha nata, sauran ya iso mana garau wajen Disamba zuwa Janairu, cikin sanyin hunturu. Wannan ne ruwan mai garka. Albasa, salati, kabeji da tumatir duk ka shirya su don su ci moriyarsa, sai dai kada kwaɗayin danshi ya sa ka dasa a gangaren da jan ruwa ya janye daga kai a Oktoba: kogin zai dawo wurin.

Ga ruwan sama kuma, gwangwani mai miƙaƙƙen jiki ya isa. Ka ɗora shi a fili, nesa da bango da itace, ka auna zurfin da abin awo na ƴan makaranta kowace safiya, ka zubar. Milimita ɗaya lita ɗaya ce a kan murabba'in mita ɗaya, da haka za ka san ko ka huta da ban ruwa ranar.

Daga Afrilu zuwa Yuni kogin yana ja baya, tsibiran yashi su fito. A 1985 har tsayawa ya yi da gudu a Yamai. Ka tanadi ƙarin tiyo tun Maris, ka rage faɗin abin da za ka shuka, ka tsaya ga kunyoyin da suka fi kusa da ruwa.