Sola a gida: kurakuran da ke kashe batir kafin a gama biyan bashinsa

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma ɗaga kuɗin wutar 'yan Band A (rukunin da ya fi samun wuta a rana) zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, hirar kowace majalisa ta koma sola. Duhun da Arewa ta sha kwana da kwanaki a Oktoban 2024, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, shi ya ƙarasa tura masu jan ƙafa kasuwa. Abin da ya ishe ni shi ne tambayar ba ta canzawa: "Malam, inbata mai kVA nawa zan saya?"

To, daga nan ake ɓata hanya. Inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, ba ta ajiye wuta ko ɗigo, kVA kuwa ma'aunin ƙarfinta ne kawai. Ita kan famfo ce, batir shi ne tankin, kuma girman kan famfo ba ya ƙara ruwa a tanki. Tambayar da ta dace ita ce: daga magariba zuwa hantsi, me gidana yake ci? Ɗauki biro. Fanka uku masu wat 70, awa goma, wat-awa 2,100 ke nan, wato yunit 2.1. Ƙara firiza, talabijin, fitilu da cajin waya, za ka ga kana neman yunit uku da rabi. Batir mai ruwa na 200Ah, bolt 12, yunit 2.4 yake ɗauka a rubuce, amma rabi kawai ya kamata ka taɓa in kana son ya yi ƙarko. Guda biyun da aka haɗa maka ba za su kai ka asuba ba, huɗu kake buƙata. Sai ka ji mutum yana cewa an sayar masa da jabu, alhali shi ne yake tatse batirin har inbata ta fara kuka kowane dare.

Kuskuren da ya fi ƙona min rai kuwa shi ne wurin ajiye batir, domin ni ma ya ci min kuɗi. Mai haɗa min ya ce a sa su a sito don kada yara su taɓa. Sito mai rufin kwano, babu taga, babu silin. A watan Afrilu in ka buɗe ƙofar sai hucin ya bugi fuskarka. Ranar da na kwance murfin na haska tocila, ƙarafan ciki sun fito fili, sun yi fari fat, ruwan ya ƙone, bakin wayoyin kuma ya yi kore. Ƙa'idar da masana batir suka sani ita ce, a kan digiri 25 ake auna rayuwar irin wannan batir, kuma duk ƙarin digiri goma kusan rabin kwanansa yake yankewa. Yanzu ka lissafa da bazarar Kano, Sakkwato ko Maraɗi, inda inuwa ma take wuce 40. Don Allah ku daina kulle kayan miliyoyi a ɗakin da ku kanku ba za ku iya zaman minti biyar a ciki ba! Ni yanzu a baranda mai iska suke, a kan katako, kuma duk ranar da albashi ya shigo nake duba ruwa don kada in manta. Ruwan batir na gaske, wanda aka tace. Ruwan leda da na rijiya kashe shi suke yi, ko da mai shago ya rantse maka.

Da zan sake daga farko, lityum zan saya, ko da ƙarami ne. Mai bolt 48, 100Ah, yana ba da kusan yunit biyar, kana iya shan kashi 80 cikin ɗari ba fargaba, ba ruwansa da ƙarin ruwa. Wasu masu haɗawa za su ce tsada, ni dai na ga araha ba ta ado. Amma a nemi takardar garanti mai lambar batirin, domin akwai waɗanda ake cusa tsofaffin ƙwayoyin batir a sabon akwati.

Sauran kurakuran gajeru ne. Kada a haɗa tsohon batir da sabo, tsohon zai ja sabon ƙasa. Farantan sola su fuskanci kudu, a ɗan karkata su, kuma inuwar tankin ruwa ko darbejiya a kan guda ɗaya tana rage wa layin duka ƙarfi. A hunturu a wanke ƙura da sassafe kafin gilashin ya yi zafi. Wayar jan ƙarfe mai kauri tsakanin batir da inbata, ba siririyar da ake yi wa fenti ba. A sa ƙarfen ƙasa da makarin tsawa kafin damina. Guga, hita da injin jan ruwa a yi su da rana tsaka, lokacin da farantai ke ba da wuta kyauta. A sanar da uwargida wannan tun ranar farko, ba sai an yi rigima ba.

Sai bashi, inda mutane ke sa hannu ido rufe. An ce maka "kashi huɗu kacal a wata", kai kuma ka ji huɗu ka yi murna. Ɗauki misalin naira miliyan biyu na shekara ɗaya: dubu 80 sau 12, dubu 960 ke nan a kan uwar kuɗi. Kuma in lissafin bai-ɗaya ne, ana ci gaba da caje ka a kan miliyan biyun ko ka biya rabi. Tambaya ɗaya nake yi: jimilla nawa zan biya daga kafin alƙalami zuwa ranar ƙarshe? Su rubuta a takarda. Wanda ke gudun riba yana da murabaha a bankuna irin su Jaiz da TAJ, inda banki ke sayen kayan ya sayar maka da ribar da aka sani tun farko, amma can ma a nemi jimillar a kwatanta da farashin kasuwa. Ƙananan kayan biya-kaɗan-kaɗan irin na Sun King da d.light sun dace da fitila, fanka da talabijin, sai dai a sani cewa ranar da biya ya tsaya na'urar kulle kanta take yi.

Babbar asarar ita ce cin bashin shekara uku a kan batirin da zafi da tatsa za su kashe a shekara ta biyu: kana biyan wata-wata, kana kuma sayen fetur a janareta. Shi ya sa ni ba na yarda wa'adin bashi ya wuce garantin batir. In kuɗin bai kai ba, a fara da inbata mai bolt 48, batirin lityum ɗaya da farantai kaɗan, in an kwashi adashi a ƙara farantai.