Yadda Kirista Zai Tsare Karatun Littafi Mai Tsarki Daga Cin Lokacin Waya

Masu bi da yawa suna cewa ba su da lokacin karanta Littafi Mai Tsarki, kuma da zuciya ɗaya suke faɗin haka. Kafin ka yarda da wannan game da kanka, ka shiga saitin wayarka ka duba. Wayar iPhone tana da sashen Screen Time, ta Android kuma tana da Digital Wellbeing, dukansu suna nuna minti nawa ka kwashe a WhatsApp, Facebook ko TikTok kowace rana. Ka rubuta lissafin mako guda a takarda, sannan ka gwada shi da wannan: littattafai 66 na Littafi Mai Tsarki suna da surori 1,189, kuma wanda ya karanta sura uku zuwa huɗu a rana zai sauke shi cikin shekara, alhali karatun ba ya wuce minti 15 zuwa 20 ga mai bin sa a natse. Galibi lokacin yana nan, wayar ce ta riga shi.

A ganina, a farkon safiya ake cin nasara ko a faɗi. Wanda ya kwana da waya a gefen matashi, ita ce za ta tashe shi, kuma hannun da ya miƙa don kashe ƙararrawa shi ne zai buɗe saƙonnin da suka taru cikin dare. Kafin ya ankara gari ya waye, hankalinsa ya rarrabu tsakanin gardamar wani rukuni da labarin da bai shafe shi ba, sai ya ce zai karanta da dare, da dare kuma barci ya sace shi. Maganin mai sauƙi ne, amma yana bukatar shiri tun kafin kwanciya: ka sa wayar caji nesa da gado, ka nemi agogo mai ƙararrawa, ka bar Littafi Mai Tsarki a buɗe a surar da za ka karanta, da alƙalami a kansa. Ka ɗaura wa kanka doka guda, cewa ba za ka kunna data ba sai ka karanta ka yi addu'a.

Markus 1:32-37 ya nuna mana wannan tsari. Da maraice mutanen gari suka taru a ƙofar gida, Yesu ya warkar da marasa lafiya da yawa, amma da asussuba, tun da sauran duhu, ya fita zuwa wurin da ba kowa ya yi addu'a. Da Siman da abokansa suka same shi, suka gaya masa cewa kowa yana nemansa. Bukatun mutanen nan na gaskiya ne, duk da haka sun jira. Saƙonnin da ke wayarka ma za su iya jira na minti 20. Idan safiya ba a hannunka take ba, kamar uwa mai shayarwa ko mai aikin dare, sai ka ɗaura karatun a kan wani abu da kake yi kullum ba fashi, domin lokacin da ba a tsayar ba, shi ne ake fara sadaukarwa.

Na fi son a karanta daga bugun takarda, domin takarda ba ta kawo sanarwa a tsakiyar aya. Wanda manhaja kawai yake da ita, ya sauke fassarar da yake so a wayarsa, ya kashe data kafin ya buɗe. Ka kashe sanarwar dandalin sada zumunta gaba ɗaya, ka kuma sa musu iyakar lokaci a saitin da aka ambata. An gina waɗannan shafuka yadda ba su da ƙarshe, kana ja da yatsa wani abu yana fitowa, saboda haka idan ba kai ka yanka musu iyaka ba, babu mai yi maka. Bulus ya faɗa a 1 Korintiyawa 6:12 cewa ko abin da ya halatta gare shi, ba zai bari ya mallake shi ba.

Akwai wani tarko da ya fi kama masu himma, wato ɗaukar ayar da aka rubuta a kan kyakkyawan hoto a matsayin karatun ranar. Filibiyawa 4:13, inda Bulus ya ce zai iya yin komai ta wurin wanda yake ƙarfafa shi, tana yawo sosai a haka, kamar alkawarin samun duk abin da mutum ya sa a gaba, alhali wanda ya karanta ayoyi 11 da 12 zai ga Bulus yana maganar gamsuwa ne a cikin ƙoshi da yunwa, a yalwa da rashi. Duk ayar da ta burge ka a waya, ka koma ka karanta surarta gaba ɗaya, kamar mutanen Biriya da Ayyukan Manzanni 17:11 ya yaba wa saboda binciken Nassi kowace rana don tabbatar da abin da suka ji.

Mai farawa kada ya ɗora wa kansa kaya mai nauyi. Bisharar Markus surori 16 ce, Karin Magana kuma 31, sura ɗaya ga kowace ranar wata. Bayan karatu ka rubuta jimla guda a kan abin da ka fahimta, ka mai da ita addu'a. Daga nan wayar za ta iya yi maka hidima: ka sami ɗan'uwa ko 'yar'uwa ɗaya da za ku riƙa karanta sura iri ɗaya, kowa ya tura wa ɗayan abin da ya tsinta. Ranar da karatu ya kuɓuce maka, kada ka tara bashin surori ka ce sai ka biya su a zama ɗaya. Washegari ka ɗora daga ayar da ka tsaya.