Yadda za ka ƙara wa wasan sarrafa kulob ɗin besbol wuya

Matasanmu na Jidda da Makka da ke buga Out of the Park Baseball, wasan kwamfuta na sarrafa kulob ɗin besbol, kan yi ƙorafin cewa bayan kaka biyu kofi ya zama bagas. Gyaran yana cikin saiti.

Fara da ɓoye makin 'yan wasa. Muddin kana ganin ainihin lambar kowa a ma'aunin 20 zuwa 80, sayen ɗan wasa ba ya buƙatar tunani. Rage ingancin rahoton masu duba 'yan wasa, ko ka dogara da alƙaluman fili kaɗai. Amma ka kula, bugu hamsin ba sa nuna gwani. Jira ɗari biyu ko fiye kafin ka yanke hukunci, don a babbar gasar Amurka kowane kulob yana buga wasa 162 a kaka.

Sai musayar 'yan wasa. Kai wahalarta ƙarshe, ka sa kwamfuta ta fifita matasa. In ba haka ba, za ka riƙa ba ta tsofaffi masu tsadar albashi kana kwashe mata yara.

Ɗaga yawan rauni zuwa daidai da na zahiri. Nan ne wasan ke daɗi: da wuya masu jifa biyar da ke fara wasa bi da bi su kai ƙarshen kaka lafiya, dole ka tanadi na shida da na bakwai cikin jerin 'yan wasa 40 na kulob.

Ɗauki kulob mai ƙaramin kasafi irin Pittsburgh, ka bar mai kulob da ikon korarka. Kashe yanayin kwamishina, wanda ke ba ka ikon gyara komai a gasar, kuma kada ka sake loda wasa bayan an doke ka.